Fangali Arba'in, Lamba Tamanin da Ɗaya

Daga:
Weng Chin-tu,
Gida na 12, Layin Bakin Magudana,
Ƙauyen Shuiwei, Gundumar Yunlin, Taiwan.

Zuwa ga:
Mai Girma Farfesa Shih,
Shugaban Tsangayar Kimiyyar Shuka,
Jami'ar Noma ta Lutang.

Talata, 4 ga Maris, 2025 (biyar ga wata na biyu a lissafin manoma)

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Hana jikata Weng Pei-yu, ɗalibar da aka ɗauka a zangon bazara, gurbi a darasin Aikin Gona har zango uku, da ƙazafin da aka ɗora mata a kan haka

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, ina neman izini in fara da kiran laifin da sunansa, domin ni ba a koya mini kewaye-kewaye ba. Sunansa raini. Raina wanda ya zo a makare, da ɗaukar cewa wanda bai taso tare da ayari ba bai san hanya ba. Magabata sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A gonar jami'arku hakin ya riga ya tsone idon, amma maimakon mai idon ya nemi ruwa ya wanke, sai ya hau hakin da duka. Wanda nake ƙara shi ne Malam Chiu, malamin darasin Aikin Gona, mai riƙe da gonar gwaji ta tsangayarka.

Ni manomin shinkafa ne, shekarata saba'in da tara. Karatuna ya tsaya a aji shida na firamare, saboda haka in ka ga rubutun ya karkace a yi mini uzuri, maganar dai ba ta karkace ba. Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da ƙofar ruwan ƙauyenmu, ni ke buɗewa ni ke rufewa, ba a taɓa kai ni gaban kowa ba a kan na ba wani ruwan wani. Pei-yu 'yar ɗana ce, marigayi. A hannuna ta tashi tun tana shekara shida.

Dalilin gaggawata shi ne wannan. Ranar Juma'a, 7 ga Maris, da ƙarfe biyar na yamma, za a rufe rajistar darussa. Doka ta goma sha huɗu a littafin ɗalibanku ta ce wanda ya kai ƙarshen shekara ta biyu babu darasin Aikin Gona a takardarsa, an sallame shi daga tsangaya. In aka rufe rajistar babu sunanta, watan Yuni na kamawa ta zama korarriya. Kwana uku ke nan suka rage. Ga bayanin, ɗaya bayan ɗaya.

1. Yadda aka yi ta makara.

A watan Agusta na 2023 na faɗo daga gefen magudana na karya ƙugu. Shukar kaka tana cikin ruwa, babu mai kula da ita. Yarinyar nan ta ajiye takardun neman jami'a, ta ɗauki gonar daga cire ciyawa har girbi, tana dawowa ta juya ni a kan gado. Ban roƙe ta ba, ban kuma hana ta ba, wannan kuwa nauyi ne da ke wuyana har in mutu. Sa'o'inta suka shiga jami'a a watan Satumba. Da jami'arku ta yi shelar cewa akwai guraben da suka rage, za a ɗauki ɗalibai a tsakiyar shekara, ta zauna jarrabawa a watan Janairu ta ci. Ku kuka yi shelar, ku kuka aiko da takarda mai jan hatimi. Ba katanga ta haura ba. Su uku aka ɗauka a tsangayarka. Ɗaya ya sauya makaranta, ɗaya ya tafi aikin masana'anta. Ita ce ta rage.

2. Zango na farko.

Ta shiga ranar Litinin, 19 ga Fabrairu, 2024. Darasin Aikin Gona kashi biyu ne. Ana yin na ɗaya a zangon kaka kaɗai, na biyu a zangon bazara kaɗai. Ta je yin rajistar na biyu, domin shi ake yi a lokacin, kwamfuta ta ce ba ta yi na ɗaya ba. Ta je ofishin rajista wajen Malama Tu, mace mai kirki wadda ba ni da ƙorafi a kanta. Malama Tu ta ba ta takardar neman alfarma, ta ce in malamin darasin ya sa hannu, kai kuma ka buga hatimi, za a shigar da ita, ta rama na ɗaya daga baya. Ta kai wa Malam Chiu takardar ranar 21 ga wata. Bai karɓa ba. Ya ce, "Fangali arba'in gare ni, dangi arba'in. Ke 'yar gidan wa ce?"

3. Maganar dangi.

Ranka ya daɗe ya fi ni sanin al'adar makarantarsa, amma zan faɗe ta yadda na fahimta, in na kuskure a gyara mini. Kowane sabon ɗalibi yana da lamba. Wanda lambarsa ta ƙare da sha bakwai, na gaba da shi mai sha bakwai shi ne yayansa, na gaba da wancan shi ne babban yaya, haka har sama. Su ke tarbar sa ranar da ya zo, su ba shi tsofaffin littattafai da tambayoyin jarrabawar baya, su kai shi cin abincin dangi sau ɗaya kowane zango. A tsangayarka har fangalin shinkafa gadonsa ake yi. Kowane fangali da turkensa mai lamba, da littafinsa da ake miƙa wa ƙane, kuma da littafin nan ake ba da maki.

Al'ada ce mai kyau, ban kushe ta ba. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Amma lambobin sun tsaya a arba'in, ita kuwa aka ba ta lambar da ta ƙare da tamanin da ɗaya. Babu tamanin da ɗaya a gabanta, babu a bayanta. Ba yaya, ba littafi, ba turke. Yara suka daina kiran sunanta, sai "Tamanin-da-ɗaya". Wani ma in ya gan ta sai ya ce, "Tamanin-da-ɗaya, ina su Yaya, ko suna hanya?" a yi dariya. Ranar cin abincin dangi, da kowa ya bi nasa, ita a shagon bakin ƙofar makaranta take zama da kofin taliya. Ba ita ta gaya mini ba. Ɗiyar maƙwabcina da ke sayarwa a shagon ce ta faɗa wa uwarta.

Ranka ya daɗe, mu a wata na bakwai, hatta fatalwowin da ba su da mai tuna su muna fitar musu da tebur ƙofar gida, mu ajiye shinkafa, da kwanon ruwa da tawul su wanke fuska. Waɗannan matattu ne, kuma ba mu muka gayyato su ba.

4. Zango na biyu.

Na ce mata ta yi haƙuri, sannu ba ta hana zuwa. Ranar Litinin, 9 ga Satumba, 2024, aka buɗe kashi na ɗaya. Ta tashi tun da sassafe ta zauna gaban kwamfuta. Wannan karon kwamfuta ta ce kashi na ɗaya na 'yan aji ɗaya ne, ita kuwa an lissafa ta da waɗanda suka shigo bara, saboda haka 'yar aji biyu ce. Da bazara an ce ba ta isa ba, da kaka an ce ta wuce. Gaba kura, baya sayaki. Ta koma wajen Malama Tu, wadda ta ce mata, "'Yata, ni ma abin yana ci mini rai, amma kwamfutar nan ba ta da kunne. Hannun Malam Chiu kaɗai take ji." Ta sake kai masa takarda ranar 11 ga wata. Ya ce sababbin ɗalibai arba'in sun cika fangali arba'in, ta dawo da bazara.

Darussa huɗu na shekara ta biyu suna rataye a jikin wannan darasin, duk an toshe mata su. Don kada adadin darussanta ya gaza abin da doka ta ce, sai ta cike da abin da ta samu. Jikar manomi, wadda ta zo koyon shuka, an sa ta karanta tarihin waƙoƙin ƙasashen waje da wasan ƙwallon tebur. Duk ta ci su. Da hutu ta ce mini, "Kaka, kullum ina cikin makarantar nan, amma makarantar ba ta san ina ciki ba."

5. Aikin da aka sa ta da alkawarin da aka yi mata.

Wannan shi ne ƙashin bayan ƙarata, ina roƙon a karanta shi a tsanake. Tun ranar farko da ya mayar da ita, Malam Chiu ya ce mata in tana so ta nuna da gaske take, ta riƙa zuwa gona tana taimakawa, shi kuma zai duba lamarinta in gurbi ya samu. Ya ba ta makullin ƙofar gona da na ƙofar ruwa. Daga 26 ga Fabrairu, 2024, zuwa 26 ga Fabrairu, 2025, shekara guda cur, yarinyar nan tana gonar da ƙarfe biyar da rabi na safe, in ban da kwana shida na Sabuwar Shekara. Babu maki, babu suna a ko'ina.

Abin da take yi ba abin da ke cikin littafi ba ne, abin da ta gani a gida ne. Duk manomi ya san dodon-koɗin nan mai jan ƙwai da ke liƙe a bakin magudana. In shuka tana ƙarama, mako uku na farko bayan dashe, shi ne babban maƙiyi. Ba ya iya tafiya sai a ruwa mai zurfi. In ka tsayar da ruwa a yatsa biyu, sai ya zauna yana kallon shuka ba ya iya kai mata. In ya kai tafin hannu, ka yi masa shimfiɗa. Kullum safiya sai ta auna ruwan da yatsunta, ta ɗaga katakon ƙofa ko ta sauke, ta bi gefen magudana tana kankare ƙwai, ta tsince manyan a bokiti ta miƙa wa mai kiwon agwagin da ke bayan katangarku. A tambaye shi bokiti nawa ya karɓa. Ya ce agwaginsa har sun san takunta.

Shekara guda Malam Chiu bai ga dodon-koɗi a gonarsa ba. Shi bai zuba magani ba, domin gwajinsa na noma ba magani ne. Sai ya ɗauka iliminsa ne ya kore su. An ce har ya faɗa wa baƙi haka.

Ban da fangali arba'in na ɗalibai, akwai shida nasa na kansa a can ƙasan gona, kusa da mashigar ruwa. A nan yake renon irin shinkafa kala shida da ya shekara tara yana zaɓe. Da guguwar bara ta yaye rufin ma'aji ruwa ya jiƙa irin, ita ta kwashe abin da ya tsira ta shanya ta tsince. Kaɗan ne ya rage, saboda haka bana ya sa aka shuka shi duka don a mayar da iri. Ranar Juma'a, 21 ga Fabrairu, aka yi dashe. Shukar da ta yi saura a farantan reno ya ce a zubar a juji, aka zubar. Faranti uku na kala ta huɗu suna hannunta. A gidanmu ba a zubar da shuka mai rai, ana ajiye ta a kusurwar gona saboda cike giɓi. Ta ce, "Malam, in ɗauka?" Ya ce, "Ki kai wa kakanki ya yi miya da ita." Ɗalibai sun ji, sun yi dariya. Washegari, bayan aikin safe, ta ɗauko farantan a jirgin ƙasa da motar haya ta kawo mini, ta koma.

6. Zango na uku, da zuwana.

An buɗe wannan zangon ranar 17 ga Fabrairu. Kwamfuta ta maimaita maganarta ta bara, ba ki yi na ɗaya ba. Takarda ta uku ta je hannun Malam Chiu, ya ce ta bari a gama dashe. An gama dashe, ya ce ta bari ya huta.

Ranar Talata, 25 ga wata, na sa rigata ta zuwa biki, na ɗauki sandata da kwalin lemo daga bishiyar bayan gidana, na zo da kaina. Na same shi a rumfar gona da ɗalibai kamar goma. Na gaishe shi gaisuwar da ake yi wa malami, na sunkuya iyakar abin da ƙuguna ya yarda. Bai ce in zauna ba. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Kawu, nan jami'a ce, ba taron rabon ruwan ƙauye ba. Komai da tsarinsa."

A nan zan faɗi nawa laifin, don kada a ce na ɓoye. Na ce masa alkawari kaya ne, kuma a ƙauyenmu mutumin da ya sa yarinya aikin shekara ya hana ta suna, ko riƙon ƙofar ruwa ba ma ba shi, balle riƙon 'ya'yan mutane. Na faɗa a gaban ɗalibansa. Bai kamata ba. Tsufa ne da zafin zuciya. Na ajiye lemon na tafi, aka biyo ni da shi har bakin ƙofa. In akwai hukunci a kan wannan maganar, ni na yi ta, ga ni ga adireshina a sama. Ba bakin yarinyar ba ne.

7. Karɓe makulli.

Washegari Laraba, 26 ga wata, da ƙarfe goma na safe, Malam Chiu ya kira jikata ya ce ya tuna cewa doka ta hana wanda ba shi da rajista shiga gonar gwaji. Shekara guda dokar tana barci, sai ranar ta farka. Ta miƙa makullan biyu, ta sa hannu a littafin mai gadi, shi ma ya sa. Kafin ta fita ta ce masa, "Malam, don girmanka, kada ruwan ya wuce yatsa biyu. Rana ta fara ɗumi, akwai sababbin ƙwai a mashiga." Amsar da ya ba ta, shugabar aji Liao tana tsaye ta ji, ita ce, "Ke da ba ki yi kashi na ɗaya ba, za ki koya mini na biyu?"

Ranar Alhamis da rana ta dawo gida da jakarta babba, ba ƙaramar da take zuwa hutu da ita ba. Na ga jakar, na gane.

8. Abin da ya faru a hutu.

Juma'a 28 ga wata ranar hutu ce, ta haɗu da Asabar da Lahadi. Kwana uku babu kowa a gona. Ranar Alhamis da yamma Malam Chiu ya umarci shugabar aji ta cire katakon ƙofar ruwa. Kalmominsa, kamar yadda ita Liao ta faɗa wa jikata ta waya tana kuka, su ne, "A cika su taf, kada su bushe kafin mu dawo." Yarinyar ta yi abin da malaminta ya ce. Ba ni da ƙorafi a kanta, kuma ina roƙon kada a taɓa ta don ta faɗi gaskiya.

Shuka 'yar kwana shida, ruwa har tafin hannu da rabi, kwana uku. Ranka ya daɗe, ko yaron da ke kora tsuntsaye a ƙauyenmu ya san ƙarshen wannan labarin. Da aka dawo jiya Litinin, fangali goma sha tara na ɗalibai sun zama tafki, ba ko ɗan kore. Shidan nan nasa, da yake su ne a gangare inda ruwa ya fi taruwa, an share su kamar an bi da aska.

9. Ƙazafi.

Na ɗauka Malam Chiu zai yi shiru ya sunkuyar da kai. Jiya da ƙarfe uku na rana aka aiko wa jikata saƙo daga ofishin tsangaya cewa Malam Chiu ya rubuta rahoto yana zargin wata ɗaliba mai jin haushi da shiga gona a ɓoye ta buɗe ruwa. An ce ta bayyana gaban kwamitin ladabtarwa ranar Laraba, 12 ga Maris, kuma ba za a sa hannu a wata takarda tata ba sai kwamiti ya zauna. Rajista kuwa tana rufewa 7 ga wata. Ko da kwamiti ya wanke ta tas, zai wanke wadda aka riga aka kora ne. Ni ban yi karatu ba, amma na iya ƙirga kwanaki, kuma na tabbata wanda ya rubuta rahoton ma ya iya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Makullanta suna hannunsa tun Laraba, littafin mai gadi shaida. Tikitin jirginta na Alhamis da rana yana nan na liƙa a bayan wannan takarda. Ranar Asabar, biyu ga wata na biyu a lissafin manoma, bikin haihuwar Tudigong ne, abin bautarmu mai tsaron ƙasar ƙauyenmu, tun safe tana haikali tana mulmula curin shinkafa a garin gyaɗa tare da matan unguwa. Mutum sittin sun gan ta. Mai unguwa ya ce in ana so zai zo da hatiminsa.

Da ta karanta saƙon ta ajiye wayar, ta fita kusurwar gona ta tsuguna gaban farantan nan uku tana auna musu ruwa. Na bi ta da sanda. Ta ce, "Kaka, ka bar ni in dawo gida. Na gaji da ƙwanƙwasa ƙofar da aka zana a bango." Na ce mata ba a haifi ɗan gidan Weng da zai bar fangali da shuka a ciki ba. Ta ce, "Ai ni ba ni da fangali, Kaka." Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da nake roƙo.

Na farko, Ranka ya daɗe ya yi amfani da ikon da doka ta ba kujerarsa ya buga hatimi a takardar alfarmar Weng Pei-yu kafin ƙarfe biyar na ranar Juma'a, a shigar da ita kashi na biyu, ta rama na ɗaya da kaka. Ba na neman a ba ta maki ko ɗaya kyauta. A jarraba ta a cikin laka, gaban kowa.

Na biyu, a ba ta fangali da turke da littafi. An shekara ana ce mata babu wuri. Yau akwai fangali shida a ƙasan gona da babu kowa a ciki sai dodon-koɗi. A ba ta mafi muni. A rubuta tamanin da ɗaya a jikin turken, domin in kun sake ɗaukar wani da bazara ya tarar da yaya tana jiran sa.

Na uku, a janye rahoton jiya, ko a zaunar da kwamitin kafin Juma'a, a kira mai gadi da littafinsa, a kira shugabar aji, a kira mai agwagi.

Game da farantan nan uku, ina so a fahimce ni da kyau. Ba ciniki na zo yi ba. Ba na riƙe shuka don a biya mini buƙata, shuka ba ta yi wa kowa laifi ba. Ta kwana talatin da 'yan kai a faranti, in ta ƙara mako guda za ta tsufa ta ƙi yin 'ya'ya. Ranar Alhamis, 6 ga wata, da jirgin farko, zan kawo su ofishinka, ko ka amsa mini ko ba ka amsa ba. Jikata ce za ta ɗauko su, domin ƙuguna ba ya ɗaukar kaya. Wanda zai tsugunna musu da yatsa biyu kowace safiya bayan nan, wannan kuma ku za ku nemo.

Ban roƙi a kori Malam Chiu ba, ban roƙi a rage masa matsayi ba. Rainin ya riga ya yi masa hukunci, ni dai lissafin kawai zan ajiye a gabanka. Fangali goma sha tara na 'ya'yan mutane, waɗannan za a sayo shuka a sake dasawa, sai dai sun san wanda ya ce a cika ruwan. Fangali shida nasa. Kalar shinkafa biyar cikin shida, waɗanda babu ƙwayarsu ko ɗaya a ma'aji ko a ƙasa, sun tafi ke nan har abada. Shekara tara ta aikinsa, a kwana uku. Da ma'aikaciya guda da ke zuwa masa kafin fitowar rana ba ta taɓa neman komai ba sai sa hannu. Abin da ya rage masa a duniya daga wannan aikin faranti uku ne, waɗanda ya ce a yi miya da su, kuma daga hannun Tamanin-da-ɗaya zai karɓe su.

Ina neman afuwa in na tsawaita, ko in wata kalma ta fi ƙarfin matsayina. Tsoho ne ke roƙo, kansa a ƙasa, a madadin yarinyar da ya makarar. Ina jiran amsarka da dukkan ladabi da biyayya.

Naka mai girmama kujerarka,

Weng Chin-tu
Manomi, tsohon mai riƙon ƙofar ruwan Shuiwei,
kakan ɗaliba Weng Pei-yu
(na sa hannu, na buga hatimina)

Abin da na haɗo: kofin takardun alfarma uku da ba a sa wa hannu ba, tikitin jirgin ƙasa na 27 ga Fabrairu, da takardar shiga jami'a mai jan hatiminku.